Kirista a Ƙofar Hubbare: Ladabi ko Musun Bangaskiya?

Akwai tambayar da masu bi sukan kawo wa firistoci a nan Sakkwato, musamman malaman makaranta da ma'aikata da matasa masu hidimar ƙasa. Idan maƙwabci ko abokin aiki Musulmi ya gayyace mu ziyarar Hubbare, mu je ko mu ƙi? In mun je, muka tuɓe takalmi a ƙofa, muka yi shiru a gaban kabarin Shehu, ladabi muka yi, ko kuwa mun taɓa Doka ta Fari wadda ta hana mu bauta wa wani in ba Allah ba? Tambayar tana da nauyi, domin a gefe ɗaya akwai lamirin mai bi, a ɗaya gefen kuma akwai zaman lafiyar gari.

Mu fara da sanin wurin. An haifi Shehu Usman ɗan Fodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754. Ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, kusa da mahaɗar gulbin Rima da gulbin Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa, ya dawo Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817, aka binne shi a gidansa. Wannan gida shi ne Hubbare. A nan aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin 'yan taru don koyar da matan ƙauye. A nan kuma aka kai Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a 2006, da Ibrahim Dasuki a 2016. Masu ziyara suna zuwa daga ko'ina a Arewa, har daga Nijar, su yi addu'a, su ba da sadaka, su koma.

Wannan ɗabi'a ta tafiya zuwa wuri mai alfarma tana cikin jinin 'yan Adam. A Indiya mabiya addinin Hindu suna tururuwa zuwa birnin Baranasi a bakin kogin Ganga, su yi wanka da asuba, wasu tsofaffi ma su tare can suna jiran ajali. Mu Katolika muna zuwa kabarin Bitrus a Roma, muna zuwa Urushalima, kowace ranar 3 ga Yuni kuma dubbai suna takawa da ƙafa zuwa Namugongo don tunawa da shahidan Uganda. A ƙasarmu muna girmama ƙasusuwan Mai Albarka Cyprian Tansi a Onitsha. Saboda haka idan muka ga tsohuwa ta yi doguwar tafiya don ta tsaya a ƙofar Hubbare, mu ne ya kamata mu fi kowa gane abin da ya taso ta daga gida. Abin da take gaskatawa dabam ne da namu, amma ƙishin zuciyar mun san shi.

To, ina iyakar ladabi, ina kuma farkon bauta? Abin da ke mayar da aiki ya zama ibada shi ne nufin zuciya da ma'anar da jama'a suka san aikin da ita. A ƙasar Hausa ana tuɓe takalmi a zauren sarki, da ɗakin suruki, da gaban malami, ba wanda ya taɓa cewa an bauta musu. Rage murya a maƙabarta haƙƙin matattu ne, ko su wane ne. Littafin Sarakuna na Biyu ya ba mu labarin Na'aman, wanda bayan ya ba da gaskiya ga Allah na Isra'ila ya damu da cewa aikinsa zai riƙa kai shi haikalin Rimmon tare da maigidansa. Annabi Elisha ya sallame shi lafiya. Manzo Bulus ma ya zaga wuraren ibadar Atina yana dubawa da kyau kafin ya buɗe baki, da ya tashi magana kuma daga abin da ya gani ya fara.

Ekklesiya ta bi wannan sawu. A ranar 28 ga Oktoba 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta fitar da takardar Nostra Aetate, inda ta koyar da cewa Ekklesiya ba ta ƙin duk abin da yake gaskiya da tsarki cikin sauran addinai, tana kuma duban Musulmi da daraja, tare da ci gaba da shelar Kristi ba fasawa. A watan Mayu 2001 Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya shiga babban masallacin Dimashƙu, ya yi shiru a wurin da ake girmama Yohanna Mai Baftisma, ya fito yana magajin Bitrus kamar yadda ya shiga.

Amma akwai wata ƙorafi da ta fi wannan zafi, ba za mu rufe ta da tabarma ba. Da yawa cikinmu jikokin mutanen da suka sha wuya ne a ƙarni na 19, lokacin da mahaya daga masarautu suka riƙa kai hari ƙasashen da ba su musulunta ba suna kama bayi. Daular da ta bar tarin littattafai da malamai ita ce kuma ta bar tabo a ƙasar Zuru da kudancin Kaduna da Filato. Ba mu kuma manta da watan Mayu 2022 ba, sa'ad da aka kashe ɗaliba Kirista a wata kwaleji a wannan gari, aka kuma kai hari babbar majami'armu ta Holy Family. Mai wannan ciwo zai ce: don me zan girmama wurinsu, alhali nawa ba a girmama shi ba?

Amsarmu ita ce ladabin Kirista ba cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba ne. Da Ubangijinmu ya jira sai mun cancanta kafin ya zo gare mu, da har yau muna jira. Girmama kabari kuma bai zama amincewa da duk abin da aka yi da sunan mai kabarin ba. Muna iya tsayawa a Hubbare da sanin tarihi dukansa, mai daɗi da mai ɗaci, mu kuma fito mu ci gaba da neman adalci da babbar murya. Mu tuna cewa Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi tir da kisan 2022 a fili. Wanda ya yi wa dukan Musulmi kuɗin goro ya yi rashin adalci irin wanda yake kuka da shi.

Ga abin da muke shawarta. Wanda zai je ya nemi izinin masu kula da wurin, ya tsaya inda aka ce ya tsaya, ya sa tufafin kamala, kada ya mayar da masu addu'a abin kallo ko abin ɗaukar hoto. Kada ya ɓoye cewa shi Kirista ne, kada ya kwaikwayi ibadar da ba tasa ba, kada ya nemi tubarraki ko ya ɗauki alkawari a kabarin, gama matsakancinmu ɗaya ne, Yesu Kristi. Musulmi kansu suna da saɓani a kan ziyarar kaburbura, tsakanin 'yan ɗariƙa da 'yan Izala. Wannan muhawarar gidansu ce, baƙo ba ya sa baki. In ya ga mabukaci a ƙofa ya ba shi, domin yunwa ba ta da addini. Wanda kuwa lamirinsa bai kwanta ba, ko yake tsoron zuwansa zai sa sabon mai bi tuntuɓe, ya ba da haƙuri cikin ladabi ya zauna. Bai yi zunubi ba, kada kuma ya hukunta wanda ya je.

Abu na ƙarshe, idan maƙwabcin da ya kai mu Hubbare ya nuna sha'awa, mu ma mu gayyace shi ya ga majami'armu, mu nuna masa bagade da gicciye, mu amsa tambayoyinsa ba tare da gardama ba. Zumunci a ƙafa yake. Yaron da ya taɓa ganin mahaifinsa ya shiga wurin ibadar maƙwabci da natsuwa, da wuya a ba shi dutse ya jefi wannan wuri.

Allah ya ba mu bangaskiya mai ƙarfi da zuciya mai tawali'u, ya zaunar da Sakkwato da ƙasarmu lafiya. Maryamu, Sarauniyar Salama, ki yi addu'a dominmu. Amin.