Mai Ciki da Maganin Tsinka Jini: A Daina Gaban Kai

Ganganci ne mace mai ciki ta ajiye maganin tsinka jini da likita ya ɗora ta a kai, ko ta canza shi da kanta. Wannan ɗabi'a rayuka biyu take jefawa cikin haɗari.

Ciki da kansa yana ninka haɗarin daskarewar jini kusan sau 4 zuwa 5. Gudan jini kan toshe jijiyar ƙafa, galibi ta hagu: ƙafar ta kumbura, ta yi nauyi, taku ya gagara. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, numfashi ya sarƙe, mace na iya faɗuwa a tsakar gida kafin a nemo mota. Wadda aka sa wa murfin zuciya na ƙarfe kuwa, barin magani na iya toshe murfin, ko ya jawo shanyewar ɓarin jiki.

To, me ya sa ake sauya allurar da likita ya rubuta da ƙwaya don allura ta yi tsada ko an gaji da ita? Allurar heparin, irin su Clexane, ba ta ƙetara mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Warfarin yana ƙetarawa. Tsakanin mako na 6 da na 12 yana iya lalata ƙashin hanci da sauran ƙasusuwan jariri, daga baya kuma ya jawo masa zubar jini a ƙwaƙwalwa. Sababbin ƙwayoyi irin su rivaroxaban ma ba a ba mai ciki su. Mai kemis da ya ce "duk aikinsu ɗaya" zai ɗauki alhakin abin da ya biyo baya?

Ga kuma ɓoye ciki. Kunya ado ce, amma mai shan warfarin da ta ga ɓatan wata ta yi shiru har wata 4 kafin ta je awo, lokacin da ya fi haɗari ya riga ya wuce. Tun ranar da ta yi zato ya kamata likita ya ji, shi ne zai auna abin da ya dace da ciwonta.

Maigida, kai ma da kai ake. Kuɗin allura haƙƙi ne a wuyanka. Idan naƙuda ta kama, a faɗa wa ma'aikatan asibiti ƙarfe nawa aka yi allurar ƙarshe, domin allurar kashe zafi ta ƙashin baya tana buƙatar tazarar awa 12 ko 24, gwargwadon yawan maganin. Haihuwa kuma ba ta kawo ƙarshen haɗarin: a makonni 6 na jego ya fi ƙamari, kuma a lokacin ne 'yan barka ke cewa ai an sauka lafiya, a ajiye allura.