Hukuncin ɗanɗana giyar inabi a tofar, da tsaron ɗakin ajiyarta

Tambaya: Malam, ni mutumin Maraɗi ne, ina zaune a layi na 116 a Harlem, unguwar da ake kira Ƙaramar Senegal a birnin New York. Ina aikin kai abinci a wani gidan cin abinci. Manaja ya kawo wata jar giyar inabi mai araha, ya ce kowa ya kurɓa ya tofar don ya iya bayyana wa baƙi ɗanɗanonta. Kuma yana so in riƙa kula da ɗakin ƙasa inda ake jera kwalabe su shekara su tsumu. Shin tofarwar ta fitar da ni daga laifi? Mene ne kuma hukuncin miyar da aka dafa da giyar, da ruwan khal ɗin da aka yi da ita?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin kofin ya kai bakinka. Kurɓar giya da gangan haramun ce ko da za ka tofar. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida umarni ta yi da a nisanci giya, nisanta kuwa ta fi barin haɗiya faɗi. Jar giyar inabi ita ce ainihin hamru da babu saɓani a kanta, kuma abin da ke bugarwa a cikinta yakan kai kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari. Arha ko tsada ba su canza komai.

Wani zai kawo maka misalin mai azumi da ya ɗanɗana gishirin miya ya tofar. Wannan kiyasi ba ya tsayawa. Miya halal ce mai tsarki, lokaci ne kawai ya hana ta, kuma duk da haka Malikiyya sun karhanta ɗanɗanawar. Giya kuwa najasa ce a wajen mazhabobi huɗu, ba ta da lokacin halacci. Sannan wanda ya juya ta a baki ba ya rasa haɗiye wani abu tare da yawu, alhali Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne.

Abin da ya fi damuna shi ne dalilin ɗanɗanawar. Ana so harshenka ya zama ɗan talla, ka tsaya kan baƙo ka yaba masa kwalba har ya saya. Hadisin Anas da Tirmizi da Ibnu Majah suka fitar ya lissafa mutum goma da aka la'anta saboda giya, cikinsu har da mai ɗaukarta da mai shayar da ita da mai sayar da ita da mai cin kuɗinta. Tsaron ɗakin ajiya ya shiga nan, domin mai lura da sanyin ɗaki don giya ta ƙara daraja yana raya abin da aka ce a zubar. Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da marayu suka gada, aka ce ya zubar, duk da tsananin da shari'a ke yi wajen kare dukiyar maraya. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa sassauci ga wanda ya ɗaukar wa wanda ba Musulmi ba giya don lada, amma almajiransa Abu Yusuf da Muhammad sun saɓa masa, kuma Malikiyya ba su inganta ijara a kan irin wannan aiki ba. Da wannan nake ba ka fatawa.

Miyar da aka zuba wa giya ba ta ciwuwa. Zancen cewa wuta na ƙone giyar duka ba haka yake ba: alƙaluman Ma'aikatar Noma ta Amurka sun nuna bayan minti 30 ana dahuwa kusan kashi 35 cikin ɗari na abin bugarwar yana nan, bayan awa biyu da rabi ma akwai saura kashi 5.

Ruwan khal daban ne. Ƙwayoyin halitta sun juya abin bugarwar ya koma tsami, asalinsa ya sauya, ya tsarkaka. Wanda ka saya a kanti halal ne ko da an rubuta sunan giya a jikin kwalbar, ka zuba a girki ko salak hankalinka kwance. Sai dai kada kai ka ajiye ragowar giya da niyyar juya ta ta zama khal, domin Muslim ya ruwaito hani a kan haka.

Na san kuɗin haya a Harlem ba wasa ba ne, ga iyali a gida suna jiran aike, don haka ban ce ka ajiye aiki yau ba. Ka sami manaja cikin ladabi ka nemi a keɓe ka daga ɗanɗanawa da ɗakin ajiya da kai kwalba tebur. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 ta ɗora wa mai ma'aikata 15 ko fiye ya sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa muddin ba zai jawo masa matsananciyar wahala ba, dokar birnin New York kuma ta sauko har zuwa mai ma'aikata huɗu. Ka rubuta buƙatarka a takarda. In an ƙi, ka fara neman wani aikin da gaske, kana ƙin kurɓawa ko yaya, kana istigfari a kan ɗaukar da ta zame maka dole, gwargwadon larura kawai. Layinku cike yake da gidajen abincin halal na 'yan Senegal da Gini da Mali, ga kasuwar Malcolm Shabazz, ga masallatai inda 'yan'uwa ke sanar da juna guraben aiki. Ka fara tambaya tun daga Juma'ar nan.

Allah ne mafi sani.