Dubi Kwanon da Ke Gabanka

Tuwon da ka taso kana ci, idonka ya daina ganinsa. Hannu na kai da komowa, baki ya riga ya yi bismillah, amma zuciya tana can wajen kuɗin makarantar yara ko cinikin gobe. Sai ranar da aka ajiye wa mutum baƙon abinci yake tsayawa ya duba. Shi ya sa a safiyar yau nake so mu yi bimbini a kan wani zama da muka yi da abokai bayan sallar isha'i, a sabon gidan abinci irin na mutanen Italiya.

Da farko mun tambayi saurayin da ke yi mana hidima ko akwai naman alade ko giya a girkin, domin girkin can yana yawan amfani da su. Babu kunya a wannan tambaya, shi ma ya amsa da fara'a. Aka kawo taliya siririya cikin jar miyar tumatir, an barbaɗa mata cuku da wani ganye mai ƙamshin ɗoɗɗoya, ga burodi, ga man zaitun a ɗan kwano. Ɗaya daga cikinmu ya ɗanɗana, ya yi shiru, ya ce, "Mutumina, wallahi ta tuna min da taliyar murjin da Inna ke shanyawa a igiya."

A Suratu Abasa Allah Ya umarci ɗan Adam ya dubi abincinsa, Ya kuma nuna masa hanyar da abincin ya biyo, tun daga ruwan sama da ƙasar da ke tsagewa har zuwa ƙwaya da inabi da zaitun da dabino. Umarni ne a duba, kuma duba yana ɗaukar lokaci. To bari mu duba.

Taliyar nan daga alkama mai ƙarfi ake yin ta, kuma ta daɗe tana tafiya. A 1154 malamin nan al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roja na Biyu a tsibirin Sisili, ya rubuta labarin garin Trabia inda ake yin taliya ana loda ta a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Shi kuwa tumatir, da muke ɗauka tare aka halicce shi da taliya, baƙo ne a Italiya. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kawo shi Turai a ƙarni na 16, mutane suka daɗe suna ɗari-ɗari da shi, aka shafe fiye da shekara 200 kafin a saba haɗa shi da taliya. Zaitun ya fi taɓa ni. A yankin Puglia na kudancin ƙasar akwai itatuwan da suka yi ɗaruruwan shekaru suna ba da 'ya'ya. Wanda ya dasa su ya zama ƙasa tuntuni, sunansa ya ɓace, ga jikokin wasu a wata nahiya suna dangwala burodi a guminsa. Allah ne kaɗai Ya san lissafin ladan mutumin nan.

Dubawa ba ta tsayawa a kan abin da ke da daɗin ji. A wannan yanki na Puglia, kusa da birnin Foggia, da yawa daga masu tsinkar tumatir 'yan ci-rani ne daga Afirka ta Yamma, wasunsu ta Agadez da Libiya suka bi kafin su tsallaka teku. Da akwati ake biyan su, cikin zafin rana, dillalan ƙwadago kuma su zaftare nasu kason. A watan Agustan 2018 ma'aikata 16 'yan Afirka suka rasu a haɗuran mota biyu cikin kwana uku, suna dawowa daga gona. Kowannensu ɗan wata uwa ne da ke jiran aike. Idan aka fasa gwangwanin tumatir daga can, hannayen irin waɗannan bayin Allah suna ciki. Haka ma a nan gida manomin tumatir na Kadawa da kwandunansa ke ruɓewa a bakin titi saboda babu mai saye. Godiyar da ta tsallake waɗannan mutane ta tafi kai-tsaye ga daɗin miya, a ganina, ba ta cika ba.

Ba kowa ne abincin ya yi wa daɗi ba a daren. Wani ya ga cukun ya yi masa ƙarfi, ya ture shi gefe bai ce uffan ba, ya ci burodinsa. Abu Huraira ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba: in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Wannan ladabi ya fi wuya a gidan abinci, inda mutum ke jin kuɗinsa sun saya masa damar ɗaga wa mai hidima murya. Ba su saya ba. Yaron nan a tsaye yake tun la'asar.

Akwai kuma abin da babbanmu ya yi. A cikinmu akwai wanda aikinsa ya tsaya kwanan baya, irin wanda zai ce yana da uzuri don kada a kawo takardar kuɗi yana zaune. Babban namu tun wajen gayyata ya ce, "Ni na kira ku, kada wanda ya taɓa aljihu." Ya rufa wa mutum ɗaya asiri ta hanyar ɗauke wa kowa. Hadisi ya yi tir da walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa, kuma zumunci yakan zama irin wannan walima ba tare da an shirya ba, idan wuraren haɗuwa suka yi ta tsada har wasu suka daina zuwa.

Ya Allah, Ka ji ƙan waɗanda suka rasu a hanyar gona, Ka sanyaya zukatan iyayensu. Ka biya mai tsinka da mai girki da mai wanke kwano da mafificin abin da muka biya su. Ka buɗa wa ɗan'uwanmu ƙofar aiki. Amin.