Ƙofar da ta san gwargwado

A cikin lakar fadamar shinkafa akwai wata bakteriya da ke rayuwa da iskar metan, wadda ruɓaɓɓen ciyayi ke fitarwa. Babban furotin ɗin da take sarrafa iskar da shi ba ya aiki sai da jan ƙarfe, jan ƙarfen kuwa ɗan mitsitsi ne a lakar, a maƙale jikin ƙasa.

Ba ta da hannu, ba ta da baki. Sai Mahalicci ya hore mata ƙera wani sinadari mai suna metanobaktin, ta tura shi waje kamar ɗan aike. Ya cafko jan ƙarfen, ya riƙe gam. A tantanin da ya lulluɓe ta akwai furotin na musamman, MbnT, ƙofa ce da ke gane ɗan aiken, ta shigar da shi da kayansa. Sai a 2004 masana a Amurka suka bayyana surar metanobaktin, alhali tun ba a ƙera madubin binciken ƙwayoyi ba ake ciyar da wannan halitta a haka.

Ɗan'uwa, wanda bai manta da ita a laka ba, yaya zai manta da kai yau?

Abin da ya fi ratsa ni shi ne, jan ƙarfen nan guba ne in ya yi yawa. Har fararen ƙwayoyin jininmu da shi suke kashe bakteriyar da suka haɗiye. Shi ya sa E. coli, wata bakteriya mazauniyar hanjinmu, take da furotin CueR mai jin ɓurɓushin jan ƙarfe tun bai taru ba, sai ya tayar da famfon CopA ya kwashe rarar, ko da za ta kashe ƙarfinta a kai.

Mu fa? Roƙonmu kullum a ƙara: kuɗi, suna, yabon mutane. Da wuya ka ji mai roƙon a nuna masa inda ya isa, ko mai neman ƙarfin fitar da abin da ya fara cin zuciyarsa.

Ya Ubangiji, ka ba mu rabonmu na yau ta hanyar halal, ka sanar da mu gwargwadonmu, ka sauƙaƙa mana miƙa rarar ga mabuƙaci kafin ta cuce mu. Amin.