TSUNTSUN ALLAH NE: Shin Abin Da Ba Shi Da Mai Shi Yana Da Haƙƙi A Kanmu?



Hunturu ya tattara ya tafi, bazara ta kankama. Daga watan Maris zuwa Afrilu, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, zafi yakan haura digiri 40 da rana tsaka. Kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta bushe. A wannan lokacin ne tsuntsaye suke matsowa cikin gidajenmu neman ruwa. Za ka ga kurciya a gindin randa, baiwar Allah tana tsince-tsince a wajen wanke-wanke, ƙadangare ya lafe inda aka zubar da ruwan alwala. Kuma a wannan lokacin ne yara suke cika aljihu da tsakuwa, danƙo rataye a wuya.

In ka tsayar da yaro ka tambaye shi dalilin da ya sa ya harbi kurciya, amsarsa a shirye take: "Malam, ai ba ta kowa ba ce, ta Allah ce." Ba yara kaɗai ba, mu manya ma haka muke magana. Idan muka ce abu na Allah ne, sau da yawa nufinmu ba shi da mai shi, kowa ya ga dama ya yi yadda ya so da shi. A kan wannan kalmar nake so mu ɗan tsaya yau.

Ku duba fa. Yaron nan ba zai harbi kazar maƙwabci ba. Ya san in ya yi, kafin magariba an zo ƙofar gidansu, za a biya, kuma zai sha bulala. Zafin da kazar za ta ji da wanda kurciyar za ta ji ɗaya ne, ran ma ɗaya ne. Bambancin kawai shi ne ɗaya tana da mai kai ƙara, ɗayar ba ta da shi. Ashe ke nan abin da muka koya wa yaron shi ne tsoron mai kaya. Tsoron zalunci kuwa ba mu koya masa ba tukuna.

Wanda ya tashi a haka, in ya girma zai riƙa tambayar kansa kafin ya taɓa abu: wa zai bi kadi? Idan babu, shi ke nan. Da irin wannan tunanin ake cin dukiyar maraya, da shi ake danne ɗan aikin da ya zo daga ƙauye ba shi da kowa a gari, da shi ake wawure kuɗin gwamnati ana cewa ai ba na uban kowa ba ne. Shi ya sa ban ɗauki zancen tsuntsu a matsayin ƙaramin zance ba. Halin mutum na gaskiya yana fitowa ne a inda ya tabbatar babu mai tsayar da shi.

Alhali in da za mu saurari kalmar da kyau, ita da kanta ta ba da amsa. Abin da yake na Allah ai yana da Mai shi, kuma Mai shi ɗin ba Ya barci, ba Ya mantuwa. Ku koma Suratul An'am, aya ta 38, ku ga matsayin da aka ba dabbobi da tsuntsaye, al'ummu aka kira su. A cikin Sunanu Abi Dawud akwai labarin sahabban da suka ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a hanyar tafiya, uwar ta zo tana ta kaɗa fuka-fuki, Manzon Allah (SAW) bai bar maganar ta wuce ba sai da ya sa aka mayar mata da su. Tsuntsuwar nan ba ta da mai ita a cikin mutane. Duk da haka an karɓi ƙararta.

To amma ba za ka ba da haƙƙin abin da ba ka taɓa lura da shi ba. Yawancinmu in aka ce mu lissafa tsuntsaye goma da suke sauka a unguwarmu, sai mu tsaya a tattabara da hankaka. Kakanninmu ba haka suke ba. Sun san marai da irin saƙar sheƙarsa, sun san cilakowa da carki da zalɓe, sun san belbela abokiyar tafiyar shanu ce. Manomi yana ganin shamuwa ta sauka a kan kuka ko tsamiyar gari zai fara gyaran gona, domin ya san damina ta ƙarato. Kuma gaskiyarsa: shamuwa tana bin ruwa ne, a wurinmu take yin sheƙa da damina, in kaka ta yi ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Abincinta fara da tsutsa, wato ma'aikaciyar gona ce da ba a biyanta. Shi ya sa a garuruwa da yawa ba a taɓa ta.

Wasu suna ganin zama a kalli tsuntsu aikin Turawa ne da suka rasa abin yi. Ba haka ba ne. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan Hijira, ya rubuta Kitabul Hayawan, littafi mai mujalladai, cike da abin da ya lura da shi na tattabaru da tururuwa da sauransu. Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808, ya jera dabbobi da tsuntsaye bisa haruffa a Hayatul Hayawan, har da hukuncin kowanne. A Istanbul har yau akwai ƙananan ɗakunan tsuntsaye da aka gina a jikin bangon masallatai tun zamanin Daular Usmaniyya.

Ga wani abin mamaki da yake faruwa a saman kanmu a daidai wannan watan. Cikin tsuntsayen da muke gani da hunturu, da yawa baƙi ne daga Turai. Suna gudo wa sanyin can su yi watanni a nan, musamman a fadamun Haɗeja da Nguru, da Dagona a jihar Yobe, da bakin Tafkin Chadi. In Maris ya kama sai su yi ta ci suna tara kitse, sannan su tsallake Sahara. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba, amma su ratsa hamadar da ta haura kilomita 1,500. Idan Bature ya leƙa bayan gidansa yana murnar sanyi ya yaye saboda ya ga tsuntsayen sun dawo, to baƙinmu ne da muka sallama.

Su kansu Turawan sun daɗe ba su san inda tsuntsayen suke zuwa ba. Sai a 1822 aka harbo wani babban tsuntsu ɗan'uwan shamuwa a arewacin Jamus, da mashin Afirka soke a wuyansa, ya yi tafiyar duka da shi. Har yanzu yana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1969 kuma masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu da suka saba da shi ya ragu da fiye da rabi a shekara guda. Da aka bincika sai aka gano fari ne da aka yi a yankinmu na Sahel. Ka ga ke nan, bishiyar da ka sare a Gashuwa tana iya hana wani jin kukan tsuntsu a wata nahiyar. Matafiyi ne ya sauka a gidanka, kuma mun san matsayin baƙo a wurinmu.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa. Zai ce: "Malam, mutane suna kwana da yunwa, ana sace mutane a hanya, kai kuma kana zancen kurciya?" Ɗan'uwa, maganarka tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai daidaita ran mutum da na tsuntsu. In ruwan kofi ɗaya ne, ga yaro ga tsuntsu, yaron za a ba. Amma yaushe aka taɓa tilasta maka wannan zaɓin? Kaskon ruwan da za ka ajiye a gindin bishiya bai rage tuwon kowa ba. Tausayi kuma ba kamar kuɗin aljihu ba ne da in ka kashe a nan zai ƙare a can. Ya fi kama da rijiya, in ana ɗiba tana ƙara tsattsafowa, in aka bar ta sai ta cushe. Mutumin da yake iya ɗaure ɗan'uwansa a daji don kuɗin fansa, ba rana ɗaya zuciyarsa ta bushe ba. A hankali ta saba ganin wahalar mai rai ba ta motsa ba.

Tambaya ta biyu ta fi wannan wuya, kuma ta manomi ce. Wanda ya taɓa ganin jan-baki sun sauka a gonar shinkafa ko gero a Kebbi ko Jigawa ko Yobe ya san ba wasa ba ne. Garke ɗaya yakan kai miliyoyi, wahalar shekara ta tafi a 'yan kwanaki. Ga shirwa tana ɗauke wa mata 'yan tsaki. Shin su ma a zuba musu ido?

A'a. Shari'a ba ta ce ka zauna a cinye ka ba. Ta halatta yanka da farauta don ci, ta halatta tunkuɗe mai cutarwa, har an ambaci wasu halittu biyar, ciki da shirwa da hankaka, da aka yarda a kashe ko a cikin Harami saboda ɓarnarsu. Abin da malamai suka yi shi ne rarrabewa tsakanin buƙata, da kare kai daga cuta, da wasa. Biyun farko suna da hujja. Na ukun ne ba shi da ita. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta inda aka karhanta farautar nishaɗi. Hadisi ya hana mai da abu mai rai abin gwajin saiti, ya kuma hana wasan jifa da tsakuwa saboda ido yake fasawa. Sannan ga wata mas'ala da iyaye da yawa ba su sani ba: tsuntsun da dutsen danƙo ya buge ya mutu kafin a yanka shi mushe ne, domin duka ne ya kashe shi. Yaro ya gasa ya ci, mu kuma muna dariya.

Ko tunkuɗe cutar ma yana da iyaka, gwargwadonta ake yi. A 1958 gwamnatin Sin ta yi shelar yaƙi da wasu ƙananan tsuntsaye masu cin hatsi. Mutane suka fito da tukwane da ganguna suna kaɗawa, suka hana su sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya. Aka kashe miliyoyi. Sai fara da ƙwari suka samu sarari, domin masu cinye su sun ƙare. A 1960 aka janye umarnin, amma ƙasar ta riga ta shiga yunwar da ta ci miliyoyin rayuka. Dalilan yunwar suna da yawa, wannan ɗaya ne daga ciki. Sun ƙirga hatsin da tsuntsun yake ci, ba su ƙirga ƙwarin da yake ci ba.

Mu ma muna da namu. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara arba'in yadda ungulu take cika kwata da kasuwa a da. Yau ina take? Tun 2015 masana suka sa irin ungulun da muka sani cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa. Cikin manyan dalilan akwai guba, akwai kuma masu sayen kanta da sassan jikinta don tsibbu. Wato an haɗa shirka da zalunci a ciniki ɗaya. Indiya ta riga mu ɗanɗana wannan: wani maganin ciwo da ake yi wa shanu, diclofenac, ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulunsu kafin a hana shi a 2006. Mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan sakai suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru. Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Ashe mu take yi wa shara ba mu sani ba.

Haka mujiya. Da ta yi kuka a kan katanga sai a ce mayya ce, a fito da duwatsu. Musulunci ya rushe camfi da tsuntsaye tun farko. Ɓera take nema, wanda yake cinye maka hatsi a rumbu.

To me za mu yi? Abubuwa ne masu sauƙi. Ka samu kasko ko tsohon faranti mara zurfi, ka zuba ruwa ka ajiye a inuwa, inda kyanwa ba za ta yi musu kwanto ba. Ka riƙa canja ruwan kullum don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. In za ka sare reshe ka duba ko akwai sheƙa, in da ƙwai ko 'ya'ya ka jinkirta 'yan makonni. Mai tsuntsu a keji ya sani cewa ci da shansa sun koma wuyansa, kuma labarin matar da ta kulle kyanwa har ta mutu ba baƙo ba ne a wurinmu. Yaro mai danƙo kuma, duka ba zai gyara shi ba. Ka zaunar da shi bayan sallar asuba, minti goma kacal, ku ƙirga nau'in tsuntsayen da za su sauka a kaskon nan, ka gaya masa sunayensu. In ba ka sani ba ku je wurin kaka ta gaya muku. Da wuya yaro ya harbi abin da ya san sunansa, ya kuma san daga inda ya taso.

Kuma daga yau, in ɗanka ya ce maka "ai na Allah ne", ka ce masa: gaskiyarka, shi ya sa ba za mu taɓa shi ba sai da izinin Mai shi.

Allah Ya tausasa zukatanmu, Ya kai mu damina lafiya, Ya sa mu dace.

Wallahu a'alam.