Amana a Hannun Mai Jigilar Matafiya

Mai shirya wa mutane tafiya alkawari yake sayarwa. Matafiyi zai biya kuɗinsa a Landan, alhali jirgin da zai shiga yana kogin Nilu, masaukinsa kuma yana Ƙudus, bai ga ko ɗaya ba. Amana ce jarin wannan sana'a, kuma rayuwar John Mason Cook ta nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta isa riƙe ta sai da tsantsar lissafi.

Mahaifinsa, Thomas Cook, mai wa'azi ne da ke yaƙi da shan giya. A 1841 ya kwashi mutum kusan 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough, kowa sule ɗaya. A wurinsa tafiya aikin alheri ce, riba ta biyo baya. John, haifaffen 1834, ya karɓi ofishin kamfanin mahaifinsa na Landan a 1865, ya dage cewa kada a cakuɗa kuɗin kamfani da hidimomin alherin uban. Gaskiya tana wurin John. Takardar da suka fito da ita a 1868, wadda matafiyi ke miƙa wa mai otal a madadin kuɗi, ba ta da wata daraja sai mai otal ya sakankance za a biya shi. Ran da asusu ya rikice, baƙon da ke can nesa da gida shi zai kwana a waje.

Za a ce ai John ya yi wa mahaifinsa tsauri har tsohon ya bar masa kamfanin a ƙarshen shekarun 1870, kuma shi ya yi jigilar sojojin Ingila a kan Nilu a 1884 don ceto Janar Gordon a Khartoum. Duka biyu gaskiya ne, kuma hidimar da ya yi wa mulkin mallaka ba abin yabo ba ce. Sai dai kuɗin da shi da mahaifinsa suka yi saɓani a kansa na matafiya ne, biyayya ga uba kuwa ba ta halatta wasa da dukiyar wani.

Sunan da kamfanin ya yi wajen riƙon amana ne ya sa a 1886 gwamnatin Ingila a Indiya ta damƙa masa jigilar mahajjata daga Bombay zuwa Jidda, lokacin da dillalai ke tatsar alhazai, ana kuma cunkusa su a jirage. Aikin bai kawo riba ba, aka dakatar da shi a 1893.