BIN NA GABA BIN ALLAH NE, AMMA HAR INA?

  

Ya ku 'yan'uwa samari da 'yan mata na Zongo mazauna Landan. Waɗanda suka taso a nan za su tuna da shirin Star Trek: The Next Generation, wanda tashar BBC2 ta fara nunawa a 1990, ran Laraba da ƙarfe shida na yamma. Kada wani ya ce me ya haɗa wa'azi da talabijin. Hikima kayan mumini ne da ya ɓace, duk inda ya tsince shi ya ɗauka.

A wani kashi mai suna The Pegasus, na shekarar 1994, an nuna Riker, mataimakin kyaftin Picard a kumbon Enterprise. Shekara 12 kafin nan, yana ƙaramin hafsa, ya yi aiki a wani kumbo ƙarƙashin kyaftin Pressman. Pressman yana gwada wata na'ura a asirce, mai ɓatar da kumbo daga gani kamar layar zana, alhali ƙasarsu ta sa hannu a yarjejeniya cewa ba za ta ƙera irinta ba. Ma'aikata suka ga haɗari suka yi bore. Riker, yaro mai ladabi, ya ɗauki makami ya kare maigidansa. Su kaɗan suka tsere, sauran suka halaka, aka rufe magana.

Sai ga Pressman ya dawo da babban muƙami, yana neman na'urar, ya kuma umarci Riker da kada ya gaya wa kowa, har Picard. To ga tsaka mai wuya: umarnin na gaba a gefe guda, ga kuma gaskiyar da zuciyarsa ta daɗe da sani, cewa masu boren nan su ne a kan daidai. Riker ya yi ta jan ƙafa. Bai buɗe baki ba sai da Enterprise ta maƙale a cikin wani ƙaton dutse, rayuka suka shiga haɗari. Wannan jinkirin abin zargi ne. Amma da ya faɗa, bai cire kansa ba. Da aka kama Pressman, shi ma ya miƙa kansa aka tsare shi.

'Yan'uwa, mu 'ya'yan Zongo, daga Kumasi har Nima, an rene mu da cewa bin na gaba bin Allah ne. Tarbiyya ce mai kyau, kuma aya ta 59 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da bin shugabanni. Sai dai ayar nan kanta ta ce in an yi saɓani a mayar da al'amari ga Allah da Manzonsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Aliyu cewa Annabi (SAW) ya naɗa wa wata runduna shugaba, ya ce su yi masa ɗa'a. A hanya shugaban ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna kallon juna, suna cewa ai gudun wuta ne ya kawo su wurin Manzon Allah. Da labari ya isa ga Annabi (SAW), ya nuna cewa da sun shiga da ba su fita ba, domin ɗa'a a cikin abin kirki kawai take. Ku lura, Annabi da kansa ya naɗa mutumin, duk da haka naɗin bai halatta masa wannan umarni ba.

Wani zai ce, ni ba soja ba ne, gadi nake yi a Peckham, ko kula da tsofaffi a Tottenham. To ranar da manaja ya ce ka sa hannu cewa ka duba ƙofar tsira daga gobara alhali ba ka duba ba, ko ya ce ki rubuta an ba tsohuwa magani alhali an manta, ranar kun tsaya inda Riker ya tsaya. Kuma a garin nan mun ga inda shiru ke kaiwa. Ran 14 ga Yuni 2017, cikin Ramadan, gobarar benen Grenfell ta ci mutum 72. Rahoton ƙarshe na binciken, a Satumba 2024, ya tabbatar da cewa kamfanonin da suka ƙera kayan da aka lulluɓe bangon da su sun murɗe gwaje-gwaje, sun ɓoye haɗarin da gangan. Kamfani ba shi da hannu. 'Yan Adam masu albashi ne suka rubuta, wasu suka gani suka kau da kai. Aya ta 283 a Suratul Baƙara ta jingina zunubin ɓoye shaida ga zuciyar mai ɓoyewa, ko da bakinsa bai furta ƙarya ba.

Ba muna kiran ku ga rashin kunya ba. Ka faɗa wa na gaba da ladabi cewa ba za ka sa hannu ba, ka rubuta ranar da abin da aka ce, in bai ji ba ka kai ga na sama da shi. Dokar Ingila ta 1998 tana ba da kariya ga ma'aikacin da ya tona irin wannan. Duk da haka kana iya rasa aikin, ga kuɗin haya, ga iyaye a gida suna jiran aike. Wannan tsoro gaskiya ne, shi ya sa ya wajaba a kanmu, a ƙungiyance, mu tallafa wa duk ɗan'uwan da aka kora saboda ya ƙi sa hannu a ƙarya, har ya sami wani aikin.